Gurasar da Ta Faɗa Toka

Maigidana ya rasu da damanar da ta wuce, Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Tun ranar ba na iya zancensa sai da hawaye, kuma na daina jin kunyar hakan. Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, jikata ce take rubutawa, na kuma ce mata in na tsaya ta jira ni. Ranar rasuwarsa kowa a gidan nan ya gani. Tafiyarmu unguwarsu a Kano kuwa, ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka sani, shi ya sa ita nake so a ajiye.

A lokacin Tudun Wada ba ta zama gari ba. Nasara ba su daɗe da zuwa ba, su ne suka ce baƙin da ba 'yan birni ba su zauna nan bayan ganuwa. Gidajen 'yan kaɗan ne, yawancinsu bukka da zana. In ka tsaya a ƙofar gidanmu kana hango Ƙofar Doka ta nan, ta can kuma hayaƙin jirgin ƙasa yana tashi a hayin kogin Kubanni. Ni da mahaifiyata muka zo daga ƙauye bayan rasuwar babana. Inna nake ce mata. Ƙafarta ta hagu ba ta da lafiya, da sanda take tafiya, amma in ta zauna gaban tanda babu mai kama ta a suyar waina. Leburorin jirgi har layi suke yi mata da safe. Ni kaɗai ce 'yarta da ta rayu.

Maigidana maɗinki ne, Bakano. Aiki ne ya kawo shi, ya ga 'yar mai waina, ya zauna. Da aka ɗaura mana aure ya kafa bukkarsa jikin ta Inna, zana ɗaya ce tsakaninmu, ita ma da ƙofa a jiki. Mutum ne mai yawan wasa, ga shi kuma Kanawa da Zagezagi dama ba sa barin juna. In Inna ta aiko masa da waina sai ya ɗaga ɗaya, ya juya ta, ya ce da ni, "Ku Zagezagi komai sai kun yi masa wanka da mai. Wannan in na matse ta ai fitila zan kunna." Sai ya cinye tas. Daga nan ya shiga zancen gurasa. Ni ban taɓa ganinta ba. Ya ce a unguwarsu kowane gida da tanderu, wato wata ƙatuwar tukunya ta yumɓu da ake hura wuta a cikinta, a manna kwaɓin alkama a bangonta ya gasu. Ya ce tun kakannin kakanni sana'ar unguwar ke nan. In yana wannan zance allura takan tsaya a hannunsa.

Sai saƙo ya zo ta bakin wasu fatake. Mahaifiyarsa ta ce ya isa haka, ya tattara ya koma gida da matarsa. Ba mutumin da zai ƙi maganar uwa ba ne. Ni kuma na san Inna ba za ta sake ƙaura ba, ta riga ta faɗa, ƙafarta ma ba za ta yarda ba. In mun tafi, ita kaɗai za ta rage a bayan zanar nan, babu mai ɗebo mata ruwa. Kwanaki ban ci abincin kirki ba. A ƙarshe ya ce, "Share hawayenki. Mu je mu gaishe ta tukuna, ta gan ki, ki gan ta. Allah ne ya san abin da zai faru."

Inna ta ɗaure mana citta da daddawa da 'yar tukunyar zuma. Ranar na fara shiga jirgi. Da ya yi kuka ya ja, na kama bakin rigar maigidana ta ƙarƙashin mayafi, ban saki ba sai da muka hango Dala. Shi kuwa dariya yake ta yi, yana nuna mini itatuwa suna gudu baya.

Da la'asar sakaliya muka shiga unguwar. Kafin in ga komai sai da na ji ta. Duwatsun niƙa suna kuka daga kowane gida, nan da can, kamar garin gaba ɗaya yana minshari. Lungunan matsattsu ne, katangun dogaye, duk sun yi baƙi daga sama saboda hayaƙi. Jakuna suna ta shigowa da kara, an tara shi a kowace kusurwa ya fi tsawon mutum. Ni da na saba da bukka sai ɗaga kai nake ina kallon soraye, har na yi tuntuɓe. Maigidana kuwa tafiyarsa ma ta canja. Yana shaƙar iska yana cewa, "Kin ji? Kin ji?" Ni a lokacin toka kawai nake ji.

Mahaifiyarsa, Iya, gajeruwa ce mai babbar murya, girarta duk wuta ta cinye. Na durƙusa nesa na sunkuyar da kai. Ta ce, "Wannan ce ta riƙe mini ɗa? Matso, Bazazzagiya, ba cizo nake ba. Me kuke ba shi a can? Fate?"

Matan gidan suka fashe da dariya. Ta kama hannuna na dama, ta ture mayafi, ta shafa damtsena. "Ku zo ku ga gashi! Wannan hannu bai san wuta ba."

Na ce a hankali, "Ya san tanda, Iya."

"Tanda! Tanda wuta ce? Wannan ai ɗumi ne na jin sanyi."

Sai a lokacin na lura da hannayensu. Kowace mace a gidan, tun daga Iya har 'yan mata, hannunta na dama sumul yake har kafaɗa, babu gashi ko ɗaya, yana sheƙi, da 'yan tabo-tabo a gwiwar hannu. Yayar maigidana, wadda ita ce ta zame mini uwar ɗaki a zuwan nan, ta ce mini ko a kasuwar Kurmi aka ga mace da irin hannun nan an san unguwar da ta fito, ba sai an tambaya ba.

Da asuba bayan salla aka tashe ni in gani. Tanderun Iya a tsakar gida yake, an binne gindinsa, an yaɓe shi da laka. Aka cusa masa kara, wuta ta tashi ta fi katanga. Da na leƙa sama sai na ga kowane gida haka yake, unguwar duk ta yi ja. Aka bar wutar ta faɗi ta zama garwashi. Iya ta goge cikin da jiƙaƙƙen tsumma, ta tsoma hannu a ruwa, ta yanko kwaɓi, ta faɗaɗa shi a tafinta, sai ta zura hannu har kafaɗa ta manna shi a bango. Ɗas! Ta sake. Ɗas! Ko kallo ba ta yi, hira take da maƙwabciya ta saman katanga. Aka rufe bakin. Da aka buɗe, sai ƙanshin ya buge ni. A nan na gane abin da yake tsayar da allura a hannun mijina.

Ana cikin ɓamɓarowa sai ɗaya ta kuɓuce ta faɗa toka. Kafin a ce wani abu, sai ga maigidana, babban mutum da gemunsa, ya fito daga zaure da gudu yana cewa, "Tawa ce! Tawa ce!" Ya zaro ta da kara, yana jefa ta daga wannan hannu zuwa wancan, yana hura ta, ya tsuguna a nan ya hau ci.

Yayarsa ta ce, "Dube shi, maras kunya. A gaban amaryarsa!"

Ita ce ta bayyana mini. Gurasar da ta faɗa toka ba a sayar da ita, ba a ba baƙo, ta yaran gida ce. Ta ce, "Wannan da kike gani, yana yaro zuwa yake ya yi ta tsalle a gindin tanderu don wata ta faɗo. Dukan da ya sha a kai ba ya ƙirguwa." Shi kuwa ya ce da bakinsa cike, "Ta bango ta masu saye ce. Mai daɗin ita ce wannan."

Da hantsi yayar ta ɗauke ni zagayen gaisuwa. Gida-gida muka bi, ta zaure mu shiga, ta wata 'yar ƙofa mu ɓulla wani gidan. Ko'ina muka shiga sai an ba ni gurasa mai zafi, sai kuma an tsaya a kaina in ci, a ce, "To, faɗi gaskiya, da tamu da ta gidan surukarki wacce?" Wata ta yayyafa mini garin ƙuli-ƙuli da yaji da albasa, wata ta tsiyaya mini romo, wata zuma. Wata tsohuwa makauniya ta shafa fuskata, ta ce kakanninta a hannun Larabawan da suke zuwa da raƙuma suka koya, kuma duk sauran gidajen a wajensu suka gani. Muna fita yayar ta raɗa mini, "Kowane gida haka suke cewa." Na ga wata mata ta shigo wani gida fuska a ɗaure, ba ta gaida kowa ba, ta miƙa ƙoƙo. Matar gidan ita ma ba ta ce uffan ba, ta yanko ɗan tsohon kwaɓi ta sa mata, ta rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ashe faɗa suke yi tun bara. Amma tsamin da ake tayar da kwaɓi da shi, in na wani ya mutu, ba a hana shi, ko da ba a ga maciji. Muka dawo ina tafiya da ƙyar, da faifai cike a kaina, ina ta dariya ni kaɗai. Tun da saƙon nan ya zo ban yi dariya irin ta ranar ba.

Washegari na ce wa yayar ina so in gwada. Ta kai wa Iya. Iya ta ce, "Ku ba ta wuri." Na jiƙa hannu, na yanko kwaɓi, na zura. Zafin ya sa na saki tun ban kai bango ba. Na biyu ma haka. Wani ƙauri ya tashi, ashe gashin hannuna ne. Matan suna tafi suna cewa, "An fara ƙona Bazazzagiya!" Maigidana daga zaure yana kira, "Ku ƙyale ta, tana yi daidai!" don shi duk wadda ta faɗi tasa ce. Iya ta kama gwiwar hannuna ta ce, "Kada ki ajiye ta kamar kina roƙo. Mara ta. Bango ba ya riƙe abin mai tsoro." Na rufe ido na mara. Ɗas! Ta zauna. Guɗar da aka yi har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Kullum da asuba ina gaban tanderu, har hannuna ya fara kama hanyar nasu. Amma maganar da ta kawo mu tana nan, ba wanda ya taɓa ta. Ni ba zan iya buɗe baki gaban suruka ba, sai na zauna na faɗa wa yayar komai, zancen Inna da ƙafarta da zanar da ke tsakaninmu, ina kuka. Ita ta kai.

Iya ta kira mu bayan magariba. Ta daɗe tana shafa hannunta. Sannan ta ce da ɗanta, "Ni ba don ka ɗauke mini kara nake nemanka ba, masu ɗauka sun yi yawa. Abin da ba na so, ɗana ya tsufa a garin da ba a gasa gurasa, jikokina su tashi ba su san ƙanshin gidansu ba." Ta juyo gare ni. "Ke kuma, zan ba ki tanderu da tsami da alkama. In an gama girbi zan shiga jirgin nan naku in zo. In na ci gurasa daga bango a Tudun Wadarku, ya zauna. In ban ci ba, jirgin da zai dawo da ni da ku zai dawo."

Haka muka taho da tanderu naɗe cikin ciyawa da tabarmi. A jirgi maigidana rungume shi ya yi tun daga Kano. Wani fasinja ya ce, "Malam, rumbu ka sayo?" Ya ce, "A'a, garinmu ne na ɗauko."

Muka kafa shi a tsakar gida, kusa da ƙofar zana. Na yi ta gasawa, tun ana faɗuwa har ya zama sai jefi-jefi. Mutanen Tudun Wada suka fara leƙowa. Inna takan jawo kujerarta ta zauna tana kallo tana girgiza kai. Wata rana ta leƙa cikin tanderun ta ce, "Ke, wannan abu ba a shafa masa mai? Ji yadda ya bushe, fari fat kamar bayan ƙadangare." Na ce, "Iya ba ta ce a shafa ba." Iyakar abin da na ce ke nan, don ni ma a lokacin ban san dalili ba. Inna ta ce, "Kanawa da rowa."

Ita a wajenta ƙasar da za ta taɓa abinci sai ta sha mai. Sabuwar tanda kwana take yi tana shafa mata kafin ta zuba ƙullu, don kada waina ta kama.

Ranar da Iya za ta iso na yi gashin safe, na kwaɓa na gobe, sannan muka haye Kubanni zuwa tasha taryenta. Jirgi ya makara, sai yamma muka dawo. Tsofaffin biyu suka gaisa cikin girmamawa, da tambayar gajiya da ta mutanen gida, kamar ba su ne Bakanuwa da Bazazzagiya ba. Na ga Inna tana ta fara'a, tana satar kallon tanderu. Na ɗauka murnar baƙuwa ce.

Da asuba na hura wuta. Maƙwabta sun ji labari, mata sun cika gidan, maza suna waje. Wani ƙanshi ya tashi mai daɗi wanda ban saba ji ba. Na ga hancin Iya yana motsi. Wuta ta faɗi, na goge, na jiƙa hannu, na yi bisimilla, na mara. Maimakon ɗas sai na ji sul. Ta zame kamar tarwaɗa, ta faɗa toka. Na ce tsoro ne. Na sake, da ƙarfi. Sul. Na juya ɗaya gefen. Sul. Gidan ya yi tsit. Na dubi Inna a kan kujerarta da sandarta a gefe, na ga kamar har na hau jirgi na bar ta.

Mutum ɗaya ne bai san ana makoki ba. Maigidana ya shigo da karansa, yana zarowa yana hurawa yana tarawa a gaban rigarsa. Ya gatsa ɗaya, ya lumshe ido, ya ce, "Wallahi Iya, ko a gida ban taɓa cin mai daɗin wannan ba."

Iya ta ce, "Rufe mana baki. Kai ba shaida ba ne, tun kana yaro toka kake ci."

Ta tashi, ta tsoma hannu a ruwa, ta zura cikin tanderun ta shafo bango. Ta murza yatsunta, ta kai hanci. Ta juyo a hankali.

"Wa ya shafa wa tanderu mai?"

Inna ta gyara zama, ta ɗaga kai. "Ni ce. Kuma ba na gyaɗa ba ne, man shanu ne, wanda na ajiye don salla. Ƙwarya guda na ba shi tun yana da ɗumi, ya shanye tas. Baƙuwa za ta taso tun daga Kano a gasa mata abinci a busasshiyar tukunya? Ba a gidana ba."

Iya ta buɗe baki ta kasa rufewa. "Ƙwarya guda?"

"Har da kankare gindin."

"Baiwar Allah, mu so muke ta kama!"

"Ta kama? Wane irin abinci ne ake so ya kama tukunya?"

Sai Iya ta fara dariya. Ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa, tana dukan cinya tana cewa, "Wayyo Zagezagi! Wayyo man shanu!" Matan gidan suka ɗauka, na waje suna tambayar me ya faru. Inna ta dube ni, ta ga hawaye a fuskata, sai fara'arta ta gushe. Ta gane. Ta ce da ƙaramar murya, "Na ɓata miki, 'yar nan?"

Yadda na ga fuskarta a ranar, har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Iya ta share idonta da bakin zane. Ta dubi Inna, ta dubi ƙafar, ta dubi tazarar da ke tsakanin ƙofar zana da tanderun, wadda Inna ta jawo jiki ta ƙetare da ƙwarya a hannu. Ta ce, "Magana tana nan yadda na faɗe ta. Ban ci daga bango ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma ban faɗi ranar komawata ba. Ke baiwata, ɓarnar da kika yi da ke za a gyara. A samo mini ƙaiƙayi da kara, da yawa."

Inna ta ce, "Wa ce ce baiwarki? Kanawa dai mu muka saye ku."

Kwana da kwanaki suna ƙona tanderun nan. A cika shi da ƙaiƙayi ya yini yana ci, ya huce, a dirje shi da toka da gishiri, a sake. Iya tana dirza, Inna tana miƙa mata kara, bakinsu bai huta ba. Kullum da safe Iya takan ƙetara zana ta zauna gaban tanda, ta ce, "Ba ni abin nan naku in ga ko yau an rage mai." Ta ci, ta kushe, ta miƙa hannu a ƙara. Tudun Wada gaba ɗaya ta sha ƙanshin man shanu, har leburori suna tambaya ko biki ake.

Ranar da Iya ta shafa bango ta ce a kwaɓa, ban yi barcin kirki ba. Da asuba ba a gaya wa kowa ba, mu huɗu ne kawai. Na jiƙa hannu, na tuna maganarta, na mara. Ɗas! Na ƙara. Ɗas! Na zagaya ina mannawa, har na zo gefen da ke fuskantar kujerar Inna, inda hannunta ya fi kaiwa ranar da ta yi aikinta. Sul. Ta faɗi. Maigidana ya ce, "Alhamdu lillahi," ya ɗauko kara.

Da aka buɗe, Iya da kanta ta ɓamɓaro ɗaya daga bango. Ta gutsura, ta tauna, ta daɗe tana taunawa, mu duka muna kallon bakinta. Ta ce, "Gishiri ya yi kaɗan." Ta cinye. Ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kayanta.

A tasha ta kira ɗanta gefe, amma da muryarta babu gefe, duk na ji. Ta ce, "Ka zauna. Ka kula mini da baiwar nan tawa mai ɓarnar mai. In alkama ta ƙare ka aiko." Ni kuma ta kama hannuna na dama, ta shafa shi tun daga wuyan hannu har kafaɗa, sannan ta hau jirgi.

Muka zauna. Inna ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, a hannuna ta cika, maigidana ne ya sa ta a kabari. 'Ya'yanmu duk a nan aka haife su, da ƙanshin gurasa suka tashi. Gefen nan na tanderu kuwa bai taɓa warkewa ba, duk wutar da ya sha. Gefen Inna muke ce masa. Da farko tsallake shi nake yi. Sai maigidana ya ce, "Haba, a bar wuri haka kawai? Ki riƙa sa ta ƙarshe a nan." Na gane nufinsa. Tun daga ranar, kowace safiya kwaɓin ƙarshe a gefen Inna nake mara shi, ya zame ya faɗa toka, shi kuma yana tsaye da karansa. Yara sun yi ta yi masa gardama cewa tasu ce, ya ce shi ma ɗan gida ne. Har gemunsa ya yi fari, har haƙoransa suka zube ya koma jiƙa ta a romo, bai fasa ba.

Tanderun yana nan, an yaɓe shi ya fi a ƙirga. Yanzu ba kullum nake iya gasawa ba, sai ran da jiki ya yarda. Bayan na fita takaba na hura wuta, na manna, na manna, ban ankara ba hannuna ya kai ta ƙarshe gefen Inna. Na ji faɗuwarta. Na tsaya ina jiran a ce "Tawa ce." Na daɗe a tsaye, har ta fara ƙauri. Sai na ɗauki kara na zaro ta, na hure tokar, na zauna a gindin tanderun na ci ina kuka. Duk shekarun nan ban taɓa ɗanɗana ta ba, tasa ce. Ashe gaskiyarsa ne, ta fi ta bango daɗi.